Na Raka Jikata Koyon Hawan Doki

Tun da muka dawo ban huta da tambaya ba. A gidan suna a tare ni, a wajen niƙa a tare ni, har gidan makokin da muka je ranar nan sai da wata ta matso ta raɗa mini a kunne, “Iya Tabawa, wai da gaske ne jikarki ta hau doki?” Bakina ya gaji da maimaici. Shi ya sa na sa Rahama ta ɗauko biro da takarda, na ce ta rubuta duk abin da ya fito daga bakina, har inda na yi mata faɗa. Ni ban yi boko ba, amma in ta gama zan kai wa matar liman ta karanta mini, in ji ko ta rage wani abu.

Ga wanda bai sani ba, Rahama ’yar babban ɗana ce, wanda ba na kama sunansa. A hannuna ta girma nan Gagarawa. Ta yi karatun duba lafiyar dabbobi, ta gama, ta zauna jiran aiki. Ana nan sai likitan dabbobin da ta yi koyo a wurinsa a Gumel ya aiko cewa ana neman mace da za ta riƙa shiga rugage da ƙauyukan da ke bayan Ɗanzomo, can ƙasar Sule Tankarkar, tana yi wa awaki da kaji allura. Mace ake so, domin awaki da kaji na matan gida ne, kuma babu maigidan da zai bar ƙato ya ratsa masa tsakar gida. To amma wuraren nan, da rani yashi ya riƙe babur, da damina laka ta riƙe shi. Sai dai doki. Ya ce in za ta koyi hawa, aikin nata ne. Ya sa mata wata Litinin, ya ce ta zo masa da yardar ubanta, in ba ta zo ba zai ba wata. Shi ne kuma ya faɗi wata mata a wani ƙauye bayan iyaka, gaba da Maigatari, ana ce mata Zara mai goɗiya, wadda ta taɓa koya wa mata hawa.

Uban ya kasa yanke hukunci. Ya zo ɗakina ya durƙusa ya ce, “Iya, ki je ki gani da idonki. In kin ce e, shi ke nan. In kin ce a’a, magana ta mutu. Zan jira ku a Gumel ranar Lahadi, jajibirin ranar.”

Ni kuwa a’ata na ƙulle ta a bakin zani tun kafin in fita. Ba don hawan ba. Don na san yarinyar da na raina. Ta fara koyon ɗinki, keken yana nan kaji na kwana a kansa. Ta fara saƙar hula, ta tsaya a rabi. Kyankyaso ya taɓa sa ta yi ihu ta kifar da miyar gidan nan gaba ɗaya. Mai irin wannan zuciya ce za a ɗora a kan doki a sake ta cikin daji? Na ce zan je ne kawai don kada a ce na yanke hukunci a zaune.

Zara ta aiko da saƙo ta bakin wani mai kai awaki kasuwa, wai yarinya ta zo da tsofaffin kayanta. Da na ji haka na ce matar nan ba ta san gidan da take wa magana ba. Jikata ta tafi baƙunta wata ƙasa da tsumma, a ce mutanen Gagarawa ba su da sutura? Na sa tela ya ɗinka mata sabon hijabi ruwan ƙwai, mai faɗi, wanda in ta hau zai rufe ta ya rufe rabin dokin. Sauran kayanta kuwa na sa aka wanke, na kifa kwando a kan kasko, na turara su da turaren wuta har sai da maƙwabta suka leƙo suna tambaya ko biki za mu.

Ranar Laraba muka shiga motar Gumel. Direban yaro ne mai gaggawa, na ce masa, “Kai, in kana da alkawari da lahira ka sauke mu tukuna.” Ya yi dariya, ya rage. A Gumel muka hau adaidaita, shi kuma mai adaidaitar ya ƙure kiɗa har ƙirjina na amsawa. Kallonsa kawai na yi ta madubi, ya kashe.

Rahama ta ce a tsaya a kasuwa, wai a waya ta ga masu koyon hawa suna sa hular kwano. Muka shiga shagon wani mai kayan babur. Ya ɗauko wata ja mai gilashi a gaba, ya ce, “Wane irin babur aka saya mata, Hajiya?”

Na ce, “Mai ƙafa huɗu.”

Ya dube ni, ya dubi Rahama, ya sa hular a leda bai ƙara tambaya ba.

Muka sauka gidan Asabe, ’yar ƙanwata, wadda ke auren wani ma’aikacin gwamnati. Ta yi mana tuwon dawa miyar kuka, ta kyauta, sai dai daddawarta ta kanti ce, ba ta da rai. Ta shimfiɗa mini wata katifa da in ka kwanta sai ka nutse kamar an jefa ka rijiya. Na ce ta ba ni tabarma. Mijinta ya ce, “Iya, mace a kan doki, ba za a yi surutu ba?” Na ce, “Kai ma da ka sa wa matarka injin wanki an yi surutu, ka mutu?” Ban faɗa don na goyi bayan Rahama ba. Ba na son a riga ni yanke hukunci ne.

Washegari Alhamis, ranar kasuwar Maigatari. Wanda bai taɓa zuwa ba, ya je. Raƙuma a durƙushe suna taunar banza kamar tsofaffin da ba su da aikin yi, shanu, tumaki, jakuna, ga Buzaye da rawunansu sai ido kaɗai kake gani. Rahama ta ja ni wajen dawaki. Nan take wani dillali ya manne mana, yana nuna mana sirdi da linzami da likkafa, wai ɗalibi ba ya zuwa wajen malami hannu sake. Na ce masa, “Kai da ka je makarantar allo, da rawanin malanta ka tafi?” Ya ce, “Hajiya, ke dai ba a cin ribarki.” Na ce bai yi ƙarya ba. Dabino kawai na saya, da goro na gaisuwa. Muka ci tsiren raƙumi a tsaye. Yana da daɗi, amma sai mai haƙoran gaske, ni tsotsa na yi na ba Rahama sauran.

A bakin iyaka ma’aikacin namu ya duba katinmu na shaida ya ce mu wuce. Na can, wanda suke ce wa jandarma, ya karɓi nawa, ya dubi hoton, ya dube ni. A hoton nan fuskata a murtuke take, don mai ɗaukar ya ɓata mini rai ranar. Ya ce, “Inna, ba sai an tambaya ba, ke ce.” Ya buɗe ƙullina, ƙamshin turare ya buge shi, ya ce, “Amarya za a kai?” Rahama ta ce, “Wajen doki za mu.” Ya ce, “To dokin nan ya yi sa’a.” Ashe bai sani ba, mu ma ba mu sani ba.

Daga nan amalanken shanu muka hau, don motar ƙauyen su Zara sai ranar da ta ga dama. Hanya yashi, gero ya yi kore shar ta ko’ina. Muka gangara wani kwari mai faɗi, busasshe, mai amalanken ya ce in an yi ruwa mai ƙarfi nan tafki yake zama. Na ji da kunne ɗaya, don ƙuguna ya fi damuna a lokacin.

Bayan la’asar muka isa. Zara ta fito, doguwa siririya, ba ta kai ni shekaru ba amma ba ta yi nisa ba, haƙoranta ja da goro. Abin da na fara gani shi ne wando a ƙarƙashin zaninta, har idon sawu. Na ajiye wannan a raina. Ta ce, “Sannunku da tahiya, kun zo lahiya?” Haka suke magana can. Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo ƙwaryar fura. Can gindin wata aduwa ga goɗiyar a ɗaure a turke, fara mai ɗigon toka-toka, suna ce mata Bidi.

Ko zama ba mu gama yi ba Rahama ta zaro waya ta nufe ta da sauri, wai za ta ɗauki hoto ta tura wa ƙawayenta. Daidai nan iskar hadari ta taso ta shiga ƙarƙashin hijabin nan, ya buɗe ya tashi sama kamar rumfar biki. Goɗiya ta yi haniniya, ta ɗaga ƙafafun gaba, igiya ta tsinke. Ta bi ta kan shanyar kuɓewa, ta yi fatali da ƙwaryar furarmu, kaji suka watse. Rahama ta ƙwalla ihu, ta yar da waya, ta zo ta ɓuya a bayana. A bayana, ni da ko tashi ba na iya yi sai na dafa ƙasa! Na ce a raina, to, an gama, sai mu kwana mu juya.

Zara ko gudu ba ta yi ba. Ta ɗebo dusa a tafin hannu, ta yi wani ɗan sauti da harshe, ta tsaya. Goɗiyar ta zagaya ta zagaya, ta dawo da kanta. Da ta ɗaure ta, sai ta zo ta sunkuya ta shinshina kafaɗar Rahama.

“Wa ya turara ɗiyar nan haka?”

Na ce, “Ni.”

Ta ce, “Yaya Tabawa, goɗiyata ba miji ba ce. Ina tsofaffin kayan da na ce?”

Na ce, “A gidanmu ba ma zuwa baƙunta da tsumma.”

Ba ta ji haushi ba, dariya ta yi har da tafawa. Ta zauna ta yi mini bayani. Wai doki da hanci yake sanin mutum. Tsohuwar rigar da mutum ya sha gumi a ciki ita take ratayewa a turke, dabbar ta kwana tana shaƙa, kafin mai rigar ya matso ta riga ta san shi. Turare kuwa yana ɓoye mutum, ga shi duk abin da ke kaɗawa a iska tsoro yake ba ta. Na ce ai laifin iska ne. Har yau kuma a kan haka nake.

Da safe aka wanke kayan Rahama kaf da sabulun salo. Kaskon turarena da na zo da shi, Zara ta karɓa ta ɗora a kan rumbu, ta ce in za mu tafi in tuna mata. Ta ba Rahama wata tsohuwar riga da wando, ta nuna mata yadda za ta naɗe mayafi ta rufe kai da ƙirji, ta ci ɗamara da sauran, babu abin da ke reto. Na zagaya yarinyar na duba ta gaba da baya. Gaskiya babu inda ya fito. Ban dai faɗa ba.

Rahama ta ce, “Inna Zara, yaushe zan hau?”

Ta ce, “Ba a wannan zuwan ba.”

Da kun ga fuskar yarinyar nan! Ni kuwa har raina na ji sanyi.

Maimakon sirdi sai aka miƙa mata tsintsiya da kwando. Ta share kashin doki, ta kai bayan gida inda ake tara taki. Ta ɗauki lauje ta yanko ciyawa. Ta jiƙa kanwa a ruwan sha. Ta goge wa goɗiyar jiki tun daga wuya har gindi, ta tsefe mata geza. Zara na tsaye tana cewa, “Ta hagu ake zuwa mata, wajen kafaɗa. Ki yi magana kafin ki taɓa ta. Kada ki bi ta bayanta ko da wasa.” Da yamma a cire rigar da ta jiƙe da gumi a rataye a turke. Budurwa guda tana warin barga, ni ina gani. Da aka kwana biyu aka fara koya mata ɗaga kofato ta cire tsakuwa, sannan aka ba ta ragama, wato igiyar da ake sa wa doki a kai, ta riƙa jan Bidi suna zagaya gona. Abu ɗaya Zara ta fi nanatawa: “In ta tsorata, kada ki ja. Ki sassauta, ki tsaya, ki bar ta ta duba abin. In kika firgita, ta igiyar nan za ta ji.”

Ni aikina ɗaya. Kullum in ɗauki kujerata in kafa a gindin aduwar nan, dab da turke, ina jiran ranar da Rahama za ta yar da lauje. Goɗiyar ta riƙa miƙo baki tana jan bakin mayafina, ina ture ta. Ran nan ta zare mini dabino daga hannu, na zage ta tas, ita da uwar da ta haife ta. Washegari na zo da nata daban, don kada ta ƙara taɓa nawa. Ƙudaje kuma in sun dame ni na kore su da mafici, in iskar ta kai gare ta, wannan ba da niyya ba ne.

Mutanen can suna da kirki, sai dai al’adunsu. Burodinsu dogo ne kamar taɓarya, a tsirara ake sayar da shi, mutum ya saƙala a hammata ya yi ta yawo, sannan ya kawo maka ka ci. Shayi kuwa a ɗan kofin da bai fi na ba jariri magani ba, ga ɗaci, kuma in ka sha na farko ka tashi ka yi rashin ladabi, sai ka jira na biyu da na uku. Furarsu suna dama ta da cuku da dabino. Na yi niyyar kushewa, na sha, na nemi ƙari. Rijiyarsu zurfi gare ta, sa ne ke jan guga, mace na kora shi. Makaranta kuwa lakwal suke ce mata. Matan garin suka yi ta zuwa kallona, wai ga tsohuwar da ta turara ɗiya don goɗiya. Wata ta ce in ba ta sirrin haɗin. Na ba ta, don ba rowa gare ni ba, ita dai ta san wanda za ta turara wa.

Hannun Rahama ya yi ƙurji ya fashe. Wata rana da hantsi na hango ta bayan rumbu tana kuka a ɓoye. Na ce yau ne. Sai na ga ta share fuska da bakin mayafi, ta ɗauki lauje ta koma. Na lura kuma wayar nan ta daina fitowa, ko da yake dama ba ta kama layi a can. Duk da haka ban kwance ƙullina ba. Na ce kwasar kashi daban, tsoro daban. Ihun ranar farko yana kunnena.

Mun yi fiye da mako. Ranar Asabar, ana gobe za mu tafi, sama ta buɗe. Ruwa tun azahar har gari ya waye. Da safe mai amalanke ya zo ya ce kwarin nan ya cika, shanunsa ba za su ja kaya cikin laka ba, sai ruwa ya janye, ko jibi ko gata. Masu ƙafa dai suna ratsawa, ruwan bai wuce ƙugu ba, kuma ba ya gudu. To ni gwiwoyina ko tudun ƙofa ba sa so, balle laka. Ga uban yarinya yana jira a Gumel, ga Litinin gobe, ga waya ba ta aiki. In ce ta tafi ita kaɗai ta ƙetare iyaka, ba zan yi ba, kuma ko ta je, amsar a bakina take.

Rahama ba ta roƙe ni ba, ba ta yi kuka ba. Ta ɗauki tsintsiya ta tafi turke kamar kullum. Wannan shirun ya fi ihu damuna.

Zara ta tauna goro ta ce, “Bidi za ta ƙetare da ke.”

Na ce, “Da wa?”

“Da ke, Yaya.”

“Ni Tabawa? Da tsufana, da jikokina, in hau doki? Ki ji tsoron Allah, Zara.”

Ta ce, “Duk garin nan in ba ni ba, babu wanda ta sani kamar ku biyu. Kullum kina zaune a gabanta kina hararar ɗiyar nan, ita kuma tana shaƙar ki. Rahama za ta ja.”

Na ce, “Ke dai ki ja.”

Ta ce, “Ni kaya zan ɗauka a kai. Ba gani kika zo yi ba? To daga sama za ki fi gani.”

Na dubi yarinyar tana shara, bayanta a jiƙe. Na ce a kawo wandon.

Rahama, rubuta, kada ki tsaya dariya. Aka sa mini wandon Zara a ƙarƙashin zani, aka ci mini ɗamara. Ja’irar nan ta ɗauko hular kwanon nan ja ta kifa mini a kan ɗankwali, ta ce, “Iya, ɗalibi ba ya hawa babu hula.” Na ce za mu haɗu a gida. Aka kifa turmi, na taka, mata biyu suka tallafa, sai ga ni a kan sirdi. Ashe doki tsawo gare shi haka! Na hango har cikin gidan maƙwabta. Na karanta duk abin da na haddace, na kama gaban sirdi da hannu biyu.

Muka kama hanya, Rahama a gaba ta hagu da ragama, Zara a baya da ƙullinmu a kai, rabin matan garin suna biye da mu har bakin ruwa suna yi mini kirari. Ban kula su ba.

Muka shiga. Ruwa ya kai wa Rahama gwiwa, ya kai cinya, ya kai ƙugu. Ƙafafuna suka fara taɓa shi. Tana tafe tana magana ƙasa-ƙasa, “Sannu Bidi, yawwa, taho, sannu.” Da muka kai tsakiya sai ga wata baƙar leda ta taso kan ruwa, iska ta hura ta, ta nufo mu. Na ji jikin goɗiyar ya ɗaure a ƙarƙashina kamar an ja tsirkiya. Kunnuwanta suka miƙe, ta yi tsaki da hanci, ta yi taku ɗaya gefe da ƙarfi. Na ce shi ke nan, yanzu yarinyar nan za ta yi ihu ta saki igiya, a tsamo ni a Damagaram.

Ba ta yi ba. Na ga kafaɗarta ta motsa, ta sunkuyar da kai, sannan ta ɗago. Ta sassauta ragama. Ta ɗora tafin hannu a wuyan goɗiyar, ta ci gaba da maganarta, muryar ko rawa ba ta yi. Muka tsaya cik a tsakiyar ruwa. Ledar ta zo ta wuce ta gabanmu, Bidi ta bi ta da ido, ta sauke numfashi, jikinta ya saki. Sai da ta ɗaga ƙafa don kanta sannan Rahama ta ce, “Mu je,” muka ƙarasa.

A tudu aka sauke ni a kan wani kututture. Na zauna. Nan na ga Rahama takalmi ɗaya gare ta, ɗaya ƙafar kuwa jini ne ke bin yatsun, babban farcen ya ɗaye.

Na ce, “Ke, mene ne wannan?”

Ta ce, “Lokacin da ta matsa gefe ne ta taka ni. A kan ƙafata ta tsaya.”

“Duk tsayuwar nan da muka yi?”

“E.”

“Shi ne ba ki yi magana ba?”

Ta ce, “Iya, da na yi ihu ai da ta zabura da ke.”

Sai na yi mata faɗa a kan takalmin da ta bari a laka. Na yage bakin ɗankwalina na ɗaure mata yatsan. Zara ta sauke kayanmu, ta miƙo mini kaskon turarena, ta ce wa Rahama, “In ruwa ya ja ki dawo. Ranar da kika zo za ki sa ƙafa a likkafa.” Ta dube ni ta ce, “Ke kuma Yaya, zamanki a sirdi ba laifi, sai dai kin cika salati.” Muka yi sallama, na ba ta sauran dabinon na ce ba nata ba ne, ta san mai shi. Ta hau goɗiyarta ta koma cikin ruwa kamar mai tafiya a tsakar gida.

Muka sami mota zuwa iyaka. Jandarman nan ne dai, ya ga Rahama da tsohuwar riga tana ɗingishi, ya ce, “Inna, ina amaryar da kika wuce da ita?” Na ce dokin bai yaba ba.

Da la’asar muka shiga Gumel. Uban yana zaune a zauren Asabe tun safe. Ya taso ya durƙusa, ya yi mini sannu, yana kallon bakina. Na ce a ba ni ruwa. Na sha, na yi alwala, na yi salla, na yi lazimi ban gaggauta ba. Rahama na rakuɓe a bakin ƙofa. Sannan na ce masa, “Gobe kafin ku je wajen likitan nan, ka biya kasuwa ka saya mata takalmi mai rufe ƙafa, mai tauri. Rigar da ke jikinta kuma kada wanda ya sa mata turare.”

Ya ce, “Iya, wato kin yarda ke nan?”

Na ce, “Kurma na haifa?”

An ba ta aikin. Za ta fara da ƙauyukan kusa kafin ta gama koyo. Hijabin ruwan ƙwai yana nan, Asabe ta ce zai yi labule.

To masu tambaya, ga amsarku. Rahama ba ta hau doki ba tukuna. Ni na hau. Masu cewa in nuna hoto kuma su haƙura, babu shi. Mai ɗaukar hoton hannunta ɗaya na kan ragama, ɗaya na kan wuyan goɗiya.